Kwarin Tarka: iyakar da gonaki suka tsallake

A jahar Maradi, daga Gidan Rumji har Dakwaro, Gobirawa da Katsinawa, Fulani da Buzaye sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Mai nono takan musanya shi da hatsi. In an ƙare girbi, makiyayi ya sauka gona, bisashe su ci kara, su bar taki.

Wannan cuɗanya ta yi rauni. Yanzu manomi yana da nasa bisashe, yana kwashe kara ya aje ko ya saida. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wadda a nan ta bi kwarin Tarka. Amma yawan jama'a da ƙarancin ƙasa sun sa gonaki sun tsallake ta, burtali kuwa ya matse. Rikicin Toda na 1991, inda mutum fiye da 100 suka hallaka, ya ishi kowa darasi.

Ba doka aka rasa ba: akwai ta filayen karkara ta 1993, da ta kiwo ta 2010. Abin da ya rage, kwamitocin filaye su shata burtali tun kafin damana, mahukunta kuma su tsaida ranar sakin gonaki tare da manoma da makiyaya.