'Ya'yan Ruwa Biyu A Ƙasar Rasha

Tun daga 1960, sa'ad da aka buɗe jami'ar nan ta Masko wadda daga baya aka sa wa sunan Lumumba, samarin Afirka suka riƙa zuwa Rasha neman ilmi. Waɗansu suka haihu da matan ƙasar, suka koma gida suka bar 'ya'yan can. Yaron da uwa ta kasa riƙewa sai gidan marayu, inda sau da yawa masu neman ɗan riƙo kan tsallake shi don launin fatarsa.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, Amurkawa sun ɗauki riƙon yaran Rasha fiye da 60,000, har da irin waɗannan. Amma cikin Disamba 2012 Rasha ta kafa dokar da ta hana su.

To, mu a ganinmu, wanda ya hana baƙo goyo, wajibi ne ya ɗaura zane ya goya da kansa. Rashawa su tuna Pushkin, babban mawaƙinsu, tattaɓa-kunnen baƙin mutum ne. Ubannin da suka taho kuwa, su nemi jininsu. Zumunta a ƙafa take.