Dogon Jifa Ba Shi Ne Wasa Ba



Akwai gardamar da ba ta mutuwa tsakanin magoya bayan ƙwallon jami'o'in Amurka, irin wadda ake jifa da hannu. Duk Asabar ɗin da ƙungiya ta sha kashi, sai ihu ya tashi: "Me ya hana a jefa ta nesa?" Mu dai muna ganin wannan ihun zalunci ne ga yaran da ke wasan, kuma labarin Jami'ar Alabama ya ishe mu hujja.

Ga wanda bai saba da wasan ba: ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba da yadi 10. Dogon jifa kan ci yadi 40 a tashi ɗaya, amma tilas mai jifan ya riƙe ƙwallo har mai cafewa ya yi nisa. A wannan jiran ne ƙattin abokan hamayya ke rufar masa.

Ran 8 ga Janairu, 2018, a birnin Atlanta, Alabama ta kara da Georgia a wasan ƙarshe na cin kofin ƙasa. An tafi hutun rabin lokaci Georgia na da 13, Alabama na nema. Koci Nick Saban ya zaunar da Jalen Hurts, wanda sau biyu kacal aka doke shi cikin shekara biyu, ya sako ɗan aji ɗaya, Tua Tagovailoa. A ƙarin lokaci Tua ya cilla jifan yadi 41 ga DeVonta Smith, aka tashi 26 da 23. Daga ranar masu son dogon jifa suka samu abin kafa hujja, Hurts kuwa ya zama abin zunɗe.

To, amma me ya faru kafin wannan jifan? Tua ya riƙe ƙwallo yana ja da baya, aka kayar da shi, ƙungiyarsa ta yi asarar yadi 16. Da jifan da ya biyo baya ya kuskure, bakunan da suka yi masa kirari su ne za su tsine masa. Yaro ɗaya, ganganci ɗaya, sakamako ne kawai ya bambanta. Wannan ba sanin wasa ba ne, bin nasara ne ido rufe.

Ba a cika shekara ba, ran 1 ga Disamba, 2018, aka sake haɗuwa da Georgia a fili guda. Sau biyu ana cafe wa Tua jifa, sannan ya ji rauni ana bin su 28 da 21. Wa ya ceci Alabama? Hurts ɗin da aka raina. Jifan yadi 10 ya kawo kunnen doki, gudun yadi 15 ya kawo nasara, 35 da 28. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shi ne kuma aka zaɓa gwarzon Super Bowl a 2025.

Ba mu ce a daina dogon jifa ba. Ƙungiyar da ba a tsoron nesanta, matse ta ake yi a kusa. Abin da muka ƙi shi ne a auna ɗalibi ɗan shekara 19 da jifa ɗaya da aka yi ta maimaitawa a talabijin, a manta da masu tare masa ƙatti da gajerun jifan da suka buɗe hanya.

Wanda ke da ja, ga fili nan. Amma ya zo da wasa cikakke, ba daƙiƙa biyar ba.