Birni na tahowa ta hanyar Gwarzo: a sayar da gona ko a riƙe?

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga Kabuga ya nufi Rimin Gado a 'yan shekarun nan ya san abubuwa sun canja. Wuraren da a da ake ganin dawa da gero da gyaɗa, yanzu bulo ne a jibge da turakun siminti da allunan masu sayar da filaye. Aikin raba titin Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi gida biyu ya ƙara wa gonakin bakin hanya daraja, dillalai kuma sun shigo har cikin ƙauyuka. Shi ya sa a majalisu da bakin masallatai maganar ɗaya ce: a sayar tun kasuwa na ci, ko a riƙe?

Masu cewa a sayar, yawancinsu matasa, suna da hujja. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, taki da magani da kuɗin ƙwadago suka yi tashin gwauron zabi, sannan a 2025 farashin hatsi ya faɗi. Sai matashi ya ce maka, "Gonar da ba ta mayar da kuɗin taki, me zan zauna ina gadi? Gara in sayar in sayi adaidaita sahu." Ga kuma ƙanƙantar gonakin. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Rimin Gado na da mutum kusan dubu 105 a kan ƙasar da ba ta wuce hekta dubu 22 da ɗari biyar ba, wato kusan mutum biyar a kowace hekta, har da gidaje da hanyoyi a ciki. Yau jama'a sun ƙaru, kuma kowane rabon gado yana ƙara tsaga gona.

Dattawa kuwa cewa suke yi kuɗin gona ba ya kwana. Su ma ba su faɗi ƙarya ba. Wanda ya sayar a farkon 2023 ya ajiye kuɗinsa ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Adaidaita sahu tana tsufa cikin 'yan shekaru, gidan da ya rabu da gonarsa kuma ya koma awo da kwano har abada. Idan hatsi ya yi tsada, abincin yara ne ke fara raguwa.

Akwai murya ta uku da ba a cika jin ta a majalisa ba, wato ta mata. Gidaje da yawa an bar kason 'yan'uwa mata a hannun maza ana nomawa, ba a fitar ba. Lokacin da gona ba ta da tsada babu mai magana. Ran da dillali ya ambaci miliyoyi, ran nan zumunci ke komawa gaban alƙali.

To amma kowane ɓangare na magana ne kamar zaɓin a hannunsa yake. Abin da ya faru a Rimin Zakara, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, ya nuna ba kullum haka abin yake ba. A farkon Fabrairun 2025 aka je rusau a garin kan tsohuwar taƙaddamar fili tsakanin mazauna da Jami'ar Bayero. Jami'a na cewa filin nata ne, mutanen gari na cewa gadon iyaye da kakanni ne. Rahotanni sun ce mutum huɗu suka rasa rayukansu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da ya kamata kowane manomi ya sani. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar wannan haƙƙi na gargajiya, amma gwamna na da ikon ayyana wani yanki a matsayin birni, daga nan sha'anin filin ya koma hannun jiha. Ana kuma iya karɓe fili don aikin jama'a, kamar titi ko makaranta, bayan an ba da sanarwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne diyya. Doka ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta, sai abin da ke kanta: gini, rijiya, shinge, bishiyoyin da aka dasa da amfanin da ke tsaye. Tun a shekarun 1960 wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin yadda manoman karkarar Kano ke noma gona kowace shekara ba hutu, da ƙarfin takin dabbobi da sharar da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Wannan wahalar ta shekara da shekaru da ta gyara ƙasar ba ta shiga lissafin diyya. Sai dai dokar ta ce idan aka soke haƙƙin gargajiya na gonar da ake nomawa, ƙaramar hukuma ta ba mai ita wata gonar a madadi. Manoma kaɗan ne suka san da wannan, balle su nema.

Nan ne ƙungiyoyin manoma ke da aiki. Kowane memba ya rubuta iyakokin gonarsa, maƙwabta huɗu su sa hannu, mai unguwa da dagaci su shaida, sannan a kai sashen filaye na ƙaramar hukuma a nemi takarda. Takardar dagaci shaida ce mai amfani, amma ita kaɗai ba ta tsaya wa mutum a ko'ina ba. A ƙirga bishiyoyi, a ɗauki hotonsu da waya, a ajiye kwafi a littafin ƙungiya. A raba gado a rubuce, a fitar wa mata kasonsu ko da za a ci gaba da noma tare. Jingina da aro da haya su ma a rubuta, don an sha ganin aro ya rikiɗe ya zama mallaka bayan masu shaida sun rasu.

Wanda kuma ya yanke shawarar sayarwa, kada ya yi shi kaɗai cikin dare. Ya tambayi farashi a wurin dillali fiye da ɗaya, ya tabbatar duk magada sun yarda, ya kuma sani cewa awon igiya da hukumar tsara birane ba ta amince da shi ba kan jawo rusau da shari'a daga baya. Abin da ya fi, ya nemo gonar da zai maye gurbi da ita a can ciki, nesa da titi, ya daidaita ciniki kafin ya karɓi ko sisi.

Kakar zaɓe na zuwa, 'yan takara za su zo da taki da atamfa. A tambaye su abu biyu a bainar jama'a: ina taswirar da ke nuna iyakar birni ta ɓangaren Rimin Gado, kuma nawa ne kuɗin yi wa gona takarda a ƙaramar hukuma? Birni ba zai fasa tahowa ba. Abin da ya rage shi ne ya tarar da manomi da takarda a hannu da shawara a gida.