Amanar Ruwan Kanal a Ƙasar Bunkure da Kura

Wanda ya ratsa ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam a tsakiyar rani, sa'ad da ko'ina ya bushe, zai ga gonaki kore shar, ga shinkafa da alkama, ga tumatir da albasa da masara. Ruwan da ke raya su daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can yake biyo babban kanal, ya rabu gabas da yamma, ya yi ta rarrabuwa har ya kai ƙaramar magudanar da ke bakin gonar talaka. Hekta 22,000 aka shata a kashin farko na aikin, ko da yake abin da aka gyara bai kai haka ba. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, aikin ya koma hannun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Shekaru da yawa hukuma ce ke buɗe ƙofar ruwa, ita ke yasar kanal, ita ke gyaran abin da ya karye, manomi kuwa nasa shuka da girbi. Da kuɗin gwamnati ya ja baya sai laka ta cike magudanai, ciyawar kacalla ta toshe su, masu gonaki a ƙurya suka riƙa kwana a gona suna jiran ruwan da ba ya isowa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 domin shirin da ake kira TRIMING, wanda ya shafi wannan aiki na Kano tare da na Bakolori da Rima da kwarin Haɗeja da Dadin Kowa. Ginshiƙin shirin shi ne, in an gyara kanal, ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa su karɓi ƙananan magudanai, su tara kuɗin ruwa, su yi yasa da gyara da kansu. A 2024 kuma bankin ya amince da wani rancen na dala miliyan 500 wanda noman rani ke cikinsa. Rance kuwa bashi ne, ƙasa za ta biya shi ko kanal ya ɗore ko ya lalace. Saboda haka yadda shugabannin waɗannan ƙungiyoyi ke riƙe da su ya zama magana wadda ta shafi kowa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da bambance ruwa iri biyu. Akwai ruwan sama da ke gudana a kwarin da ba na kowa ba, wanda Imamu Malik ya kawo hukuncinsa cikin Muwaɗɗa game da wasu rafuka biyu na Madina: na sama ya tare shi har ya kai idon sawu, kāna ya sakar wa na ƙasa. Akwai kuma ruwan da jama'a suka mallaka tare, wanda Shehu Halilu ya nuna cikin Muhtasar cewa raba shi ake yi da ƙildu, watau tukunya mai huji a gindi wadda ake auna lokacin ban ruwan kowa da ita, in kuwa an yi jayayya kan wanda zai fara sai a jefa ƙuri'a. Ruwan kanal da na biyu ya fi kama, gama da dukiyar jama'a aka haƙa shi, kuma kowane mai gona yana biyan kuɗinsa. To, wanda gonarsa ke kusa da ƙofa ba shi da hujjar tare ruwa ya ce shi ne na sama. Shugaban ƙungiya kuwa matsayinsa na mai riƙe da tukunyar awo ne, wakili wanda abokan tarayya suka ɗora, suna kuma da ikon sauke shi.

Dokar ƙasa ita ma a nan ta tsaya. Ƙungiyar da ke son a san da ita, ta riƙe dukiya, ta kai ƙara ko a kai ƙararta da sunanta, tana da ƙofa biyu. Ko ta yi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, wadda ba ta kafuwa sai da mutum goma ko fiye, ana kuma bin lissafinta kowace shekara. Ko kuwa ta naɗa amintattu biyu ko fiye ta yi rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ta wannan ƙofa ta biyu sai an buga sunayen amintattun a jarida, a ba jama'a kwana 28 ko wani yana da suka. Ba a naɗa yaro, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta tabbatar ya karye bai farfaɗo ba, ko wanda aka hukunta da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce. Dole tsarin mulkin ƙungiya ya faɗi yadda ake naɗa amintattu da yadda ake cire su, da yadda ake taro, da yadda ake karɓar kuɗi da kashe shi da bincikensa. Dukiyar ƙungiya kuma ga manufarta kaɗai za a kashe ta, ba a raba wa 'ya'yanta da sunan riba. Gaskiya ne sashe na 839, wanda ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu, ya tayar da ƙura a masallatai da coci-coci, har Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke a 2023 cewa shi da wasu sassa sun saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Amma wancan hukunci bai ɗauke wa shugaba nauyin abin da ya sa wa hannu cikin tsarin mulkin ƙungiyarsa ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wurare huɗu ne bangon irin wannan ƙungiya yakan tsage. Na farko kuɗi. Ɗan kasuwa ya san cewa kuɗin da ba a rubuta ba rabinsa ya ɓata, malami kuma ya san ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ya kamata kowace naira da aka karɓa a ba da rasit nata, a kai ta asusun banki na ƙungiya, kada ta fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku, kada kuma shugaba da ma'aji su zama 'yan gida ɗaya. Ƙarshen kowane rani a karanta lissafi da Hausa a gaban jama'a. Manomin da bai ga inda kuɗinsa ya shiga ba, baɗi ba zai biya ba, in ya ƙi biya kuwa ba a yasa, in ba a yi yasa ba na ƙurya ne ke fara rasa ruwa.

Na biyu littafin sunaye. Gonaki da yawa a wannan yanki haya ake ba da su ko jingina, wasu kuma an raba su gado har sun zama 'yan guntaye. In ba a rubuta wane ne mai gona da wane ne ke noma ta bana ba, ba a san wanda za a bi kuɗin ruwa ba, ba a kuma san mai jefa ƙuri'a ran zaɓe ba. Attajirin da ya kama hayar eka ashirin daga birni yana shan ruwa fiye da mutum goma na gari, to lalle ne sunansa ya shiga littafi, ya biya gwargwadon abin da ya noma, ya kuma aiko da masu yasa ranar gayya.

Na uku wa'adi. Shugabancin ƙungiya ba sarauta ba ne da za a zauna har mutuwa. In tsarin mulki ya ce shekara kaza, ranar da ta cika a yi zaɓe, a kuma tabbata mutanen ƙurya suna da kujera cikin majalisar, gama su ne ma'aunin da ke nuna ko rabo ya yi adalci. Na huɗu hukunci. Wanda ya fasa bakin kanal da dare, ko ya ɓalle makullin ƙofa, ko ya jefa bututun inji ba ranar rabonsa ba, tararsa ta zama rubutacciya tun kafin a yi laifin, ta kuma hau kan ƙanen dagaci kamar yadda take hawa kan baƙo.

A birnin Balansiya na tsohuwar Andalus, cikin ƙasar Sifen ta yau, manoman magudanai takwas suna zaɓen wakilai daga cikinsu, su zauna kowace Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin garin su yanke rigimar ruwa a bainar jama'a, kuma wakilin magudanar wanda ake ƙara ba ya sa baki cikin hukunci. Ɗaruruwan shekaru ke nan ana haka. A Jazira ta ƙasar Sudan kuwa, inda alhazan ƙasar Hausa da yawa suka yi noman auduga a kan hanyar Makka, dokar 2005 ta miƙa ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin masu ruwa, amma ba su yi ƙarko ba, aka soke su da gyaran doka na 2014. Takardar rajista ita kaɗai ba ta tsare kanal.

Malamai da 'yan kasuwa suna da rabo cikin wannan aiki. Limamin da ake kira shaidar ɗaurin aure da rabon gado ya cancanci a kira shi ranar karanta lissafi, ya kuma tunatar da jama'a cewa satar ruwan maƙwabci sata ce. Ɗan kasuwar da ke ba manomi taki da iri bashi, yana jiran shinkafa a Kura ko tumatir a Kwanar Gafan, kafin ya ba da kayansa ya tambaya ko ƙungiyar wannan shiyya ta yi taronta na shekara, ko kuma ruwa yana kaiwa gonar ƙarshe. In bai kai can ba, uwar kuɗinsa ma tana cikin abin da zai bushe.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya sa a yi rani lafiya. Haza wasalam.