WASIƘA DAGA KURA: Shawara Ga Mai Son Sayen Ƙaramin Jirgi Mai Saukar Ungulu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan filin da ka saba ba ni a cikin jaridar nan tamu mai farin jini, domin in yi magana da malaman makaranta, da akawuna 'yan'uwana, da iyayen yara na ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, a kan wani abu da wasu za su ce wasa ne. Lalle wasa ne. Amma wasan da ke cin kuɗin shinkafa ya isa a zauna a yi shawara a kansa.

Abin da na ke nufi shi ne ƙaramin jirgin nan mai saukar ungulu, wanda babu mutum a cikinsa, mai shi yana tsaye a ƙasa yana juya shi da akwati a hannu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa zuwa Kadawa da kewaye, noman rani ya sa samarinmu suna riƙe kuɗi sau biyu a shekara. In an sayar da shinkafa ko tumatir, saurayi ya kan shiga Kano ya komo da kwali, kafin kwana uku jirgi ya zama tarkace, uba yana faɗa, yaro yana zargin mai kanti. Sau da yawa kuwa laifin na zaɓi ne.

Ni ban ga aibin sha'awar abin ba. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano, su ne na farko da suka sauka a ƙasar nan. A 1939 Igor Sikorsky ya tashi jirginsa mai saukar ungulu a Amurka. Wajen 1970 wani Bajamushe, Dieter Schlüter, ya ƙera ƙarami wanda a ke juyawa daga ƙasa. A 2007 kuma Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya harhaɗa nasa a Kano da injin mota Honda Civic, har jaridun duniya suka ba da labarinsa. Yaron da ya tsaya yana tambayar abin da ya ɗaga ƙarfe sama, wannan yaro a taimake shi ya kamata.

To, ga yadda abin ya ke. Babbar farfela ta kan jirgi ita ke tura iska ƙasa, jirgi ya ɗagu. Amma sa'ad da ta ke juyawa dama, gangar jikin jirgin tana son juyawa hagu. Saboda haka tilas a sami abin da zai tsare ta. Daga nan aka sami iri uku a kasuwa.

Na farko shi ne mai farfela biyu, ɗaya bisa ɗaya, suna juyawa saɓanin juna, kowace tana kashe karkatar 'yar'uwarta. Wannan shi ya fi sauƙin kai, in ka saki hannu sai ya tsaya cik a sama. Irinsa ne Syma S107, wanda bai kai nauyin ƙwan kaza ba. Aibinsa kuwa ba ya jure iska ko kaɗan, sai cikin ɗaki.

Na biyu shi ne mai farfela ɗaya a sama da ƙarama a wutsiya, wanda fikafikansa ba su sāke kwanciya: in ka ƙara wuta ya hau, in ka rage ya sauko. Irinsa ne WLtoys V911. Ya fi na farko wuyar riƙewa, amma ya kan tashi a waje in iska ta kwanta, kuma shi ke koya wa hannu aikin gaske.

Na uku shi ne wanda fikafikansa ke sāke kwanciya yana cikin tafiya, kamar babban jirgi, irin su Align T-Rex 450. Shi ke juyawa ya tashi a kife, shi ne kuma samari ke gani a waya su ce sai shi. Farfelarsa tana iya yanka nama har ƙashi, faɗuwa ɗaya kuma ta kan ci kuɗin gyara mai yawa. Sabon shiga ba shi da rabo a nan. Da rarrafe yaro kan tashi.

Sa'an nan a duba lambar da ke jikin kwali, wadda ke nuna yawan umurnin da akwatin hannu ke iya aikawa. In an rubuta 3, jirgin yana hawa da sauka, yana waiwaye dama da hagu, yana gaba da baya. In an rubuta 4, an ƙara masa zamewa gefe. In 6 ne, wannan na gwanaye ne. Shawarata ita ce, yaro ƙarami a saya masa mai 3 mai farfela biyu ya yi wasa a zaure. Amma saurayi ko malami mai nufin koyo sosai, ya fara da ƙaramin mai 4, domin abin da hannu ya saba da shi a nan, shi zai tarar a babba.

Akwai wani abu da mutane ba su lura da shi. Wasu akwatunan da haske su ke aika umurni, irin na rimot ɗin talabijin, rana kuwa tana rufe wannan haske. In ka fito da irinsa tsakar gida da hantsi, sai ya ƙi jin maganarka. Wanda zai yi wasa a waje, ya nemi mai rediyo, wanda aka rubuta 2.4 GHz a jikinsa.

Kada kuma a yi cinikin biri a sama. A sa mai kanti ya buɗe kwali, ya ɗora batir, ya tashi jirgin a gabanka. Sa'an nan ka tambaye shi ko yana da farfela ta canji, da injin wutsiya, da ƙafafu, da batir. In ya ce babu, bar masa kayansa ko da ya karya kuɗi, araha ba ta ado. Duk mai koyo sai ya yar da jirgi, ba makawa. Jirgin da ke da kayan gyara, masu gyaran waya na Kura ko na Farm Centre za su iya liƙa masa waya in ta tsinke. Wanda ba shi da su kuwa, ranar faɗuwarsa ranar jana'izarsa.

Batirinsa yana son kulawa. Cika ɗaya ba ta wuce minti 5 zuwa 8 a sama ba, caji kuwa ya kan ɗauki kusan awa guda, saboda haka a sayi biyu ko uku tun farko. Kada a tsotse shi ƙarƙaf, da ka ji ƙarfi ya ragu ka sauko. Kada a bar shi a rana ko a aljihun babur lokacin bazara. Kada a sa shi caji a kan katifa ko kusa da buhunan hatsi a tafi barci. In ya kumbura, kwanansa ya ƙare, domin irin wannan batir yana kama wuta.

Wajen koyo, a nemi fili mai tauri wanda ba kowa, da sassafe ko da yamma lis, a guji iskar hunturu da ƙurarta mai cin inji. A nisanci bakin kanal da gonar shinkafa mai ruwa, da wayoyin lantarki, da dabbobin makiyaya, a kuma tsai da yara a bayan mai tuƙi. Ka sa wutsiyar jirgin ta fuskance ka, domin damarsa ta zama damarka. Ka ɗaga shi iyakar ƙugu, ka riƙe shi wuri ɗaya, ka sauke. Haka za ka yi ta yi har mako biyu. In ka ga zai faɗi, kashe wuta nan da nan, farfelar da ta bugi ƙasa tana juyawa ita ke ƙona inji.

Yanzu ga babban dalilin wasiƙar nan. Na ji ana gaya wa manoma cewa da wannan jirgi za su kori tsuntsu jan-baki daga shinkafa, ko su fesa magani a tumatir, musamman tun da tsutsar nan ta cinye tumatir ɗin Kadawa a 2016. Jama'a, a yi hattara. Gaskiya ne a Japan ana fesa gonakin shinkafa da jirgi maras matuƙi. Kamfanin Yamaha ya fito da RMAX a 1997, mai ɗaukar lita 16 na magani, watau kamar cikin famfon goyo ɗaya. Amma wannan farfelarsa ta wuce mita 3, da fetur ya ke aiki, sai wanda aka horar ke tuƙa shi. Abin da bai kai nauyin ƙwai ba, ina zai kai lita guda? Jan-baki kuwa tun asuba har magariba ya ke sauka, jirgin minti 8 ba zai tsare gona ba. Kuɗin taki da na iri kada su tafi a wannan zance.

A kuma tuna da hukuma. A watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta yi shela cewa kada a tashi jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Wanda zai wuce ɗan na zaure zuwa babba, ko mai ɗaukar hoto, ya fara neman bayani wurin hukuma, ya kuma sanar da mai unguwa. Filin jirgi, da barikin soja, da madatsar ruwa, da saman gidajen mutane inda iyali ke tsakar gida, duk ba wurin wasa ba ne.

Daga ƙarshe ina roƙon malaman makaranta. Maimakon samari biyar su sayi biyar su farfasa, a haɗa kuɗi a sayi ɗaya mai 4 da kayan gyaransa, a ajiye wurin malamin kimiyya, a riƙa karɓa-karɓa, wanda ya karya shi ya gyara da hannunsa. Da haka yaro zai san farfela da inji da batir, kuma ranar da manyan jiragen fesa suka yawaita a gonakinmu, 'ya'yan Kura da Bunkure ne za su tuƙa su. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu damina da rani masu albarka, amin. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Akawu, Kura.