Littafin Zane Ba Wasan Yara Ba Ne

Har yanzu akwai malaman makaranta a jihar Diffa da ke ɗaukar littafin labari mai zane-zane a matsayin abin rarrashin yara, wanda bai cancanci shiga aji ba. Wannan raini ne da rashin sani ya haifa, kuma ɗalibai ne ke kwasar asararsa.

Duk wanda ya buɗe Maus karon farko zai zaci tatsuniya ce, domin an zana Yahudawa da kawunan ɓeraye, Jamusawa kuwa da na kyanwoyi. Art Spiegelman, mazaunin Amurka, ya fitar da kashi na farko a 1986, na biyu a 1991, aka ba shi lambar Pulitzer a 1992. Abin da ke ciki shi ne ɗa ya zauna gaban mahaifinsa Vladek yana tambayarsa yadda aka raba shi da gidansa a Polan, yadda ya yi ta ɓuya, da yadda ya fito da rai daga sansanin Auschwitz. Bai kuma ɓoye rowar tsohon da yawan mitarsa ba, don wahala ba ta mayar da mutum waliyyi.

Wa ya fi ɗan Bosso sanin irin wannan labari? Ƴan Boko Haram sun kai wa garin hari ranar 6 ga Fabrairu 2015, suka sake dawowa ranar 3 ga Yuni 2016, dubban mutane suka tsere zuwa Tumur da wajen Diffa. Manoman tattasai na bakin Komadugu sun bar gonakinsu, masunta sun bar jiragensu. Yaran da aka goya a wannan gudu yau suna zaune a aji, da yawansu kuma ba su taɓa jin labarin daga bakin iyayensu ba.

Masu ƙin littafin na cewa zai fama tsohon miki. Ai abin da ya sa aka aro fuskokin dabbobi ke nan. Kakanni ma da bakin Gizo da Kura suke faɗar abin da ya yi nauyin faɗa. Ban da haka, ɗalibin da Faransancinsa bai nuna ba, zane zai riƙe masa hannu har ƙarshen shafi.

Saboda haka ya wajaba ƙungiyoyin al'adu su sa Maus a ɗakunan karatu, su nemi a fassara shi da Hausa da Barbarci. Malamai kuma, bayan karatun, su tura ɗalibai gaban iyaye da kakanni da alƙalami da takarda, su tambaya, su rubuta, su zana. Da Spiegelman ya yi jinkiri, da ya rasa komai, domin Vladek ya rasu a 1982, tun littafin bai fito ba. Tsofaffin Bosso ma ba za su jira ba.