Shin Katin Hoto Ya Kan Tauye Firosesa?

Wani mai karanta jaridan nan ya aiko mana da takarda, ya ce ya haɗa kwamfuta domin wasa, amma in wasa ya yi zafi ya duba, sai ya ga katin hoto na aiki 99 bisa 100, firosesa kuwa ko rabi ba ta kai ba. Shi a ganinsa raguwa ce, har ya tara kuɗi zai sake ta. Abokinsa kuwa ya ce a'a, katin ne ya tauye ta. To, wa ke da gaskiya?

Malam, abokinka ya fi ka gaskiya, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Ka dubi magini da mai miƙa masa tubali. Firosesa ita ce mai miƙo: ita ke lissafin inda kowane abu ya ke cikin wasan, da abin da ka taɓa, sa'an nan ta miƙa wa kati ya zana. In ana son hoto 60 cikin daƙiƙa guda, lalle su gama kowane hoto kafin kashi ɗaya bisa 60 na daƙiƙa ya wuce. In magini bai ɗora na hannunsa ba, mai miƙo sai ya tsaya, kome ƙarfinsa. Ba ragonci ba ne, jira ne, ba ya kuwa lalata ta. Ka kawo ƙato ka sa a wurin, shi ma tsayawa zai yi.

Ga yadda za ka gwada, ba ko anini. Allo mai 3840 sau 2160 ɗigonsa 8,294,400 ne, mai 1920 sau 1080 kuwa 2,073,600, watau rubu'insa ke nan daidai. Rage ɗigon nan ya kan sauƙaƙa wa kati ƙwarai, amma aikin firosesa kusan bai sake ba. Saboda haka ka shiga saitin wasan ka rage. In hotuna sun ƙaru da yawa, kati ne ke riƙe da kai. In sun tsaya inda su ke, to, ka juya wajen firosesa, muddin dai ba wasan ne da kansa ya ƙayyade su a 60 ba.

Sai dai kada lissafin rabin nan ya ruɗe ka. Firosesar zamani kamar ma'aikata shida ko takwas ne cikin ɗaki guda, wasanni da yawa kuwa kan jibga wa ɗaya ko biyu nauyi, saura na zaune. Sai jimla ta nuna 40, alhali guda ya kusa faɗuwa. Ka buɗe Task Manager na Windows ka dubi kowane ɗaya dabam.

Mu dai a namu ra'ayi, mai wasa gara ya ga katinsa a cike. Shi ne galibi ya fi cin kuɗi, kuma in ya gaza ana rage masa kaya ya tafi. In firosesa ce ta gaza, hoto kan yi ta tsinkewa, rage ɗigo kuwa ba ya magani.